Koyon Lissafin Binari da Heksa don Fahimtar Adireshin Netwok: Nazari daga Samaru da Sabon Garin Zariya

Tsakure

Takardar nan ta nazarci yadda ake koyon lissafin tushe biyu da na tushe goma sha shida, wato binari da heksa, a tsakanin mutane iri biyu da ke aikin haɗa kwamfutoci a Zariya: ɗaliban da ke karatu a Samaru, da yaran shago da ke koyon sana'a a Sabon Gari. Abin da take son tabbatarwa shi ne, duka ɓangarorin hadda suke yi. Ɗalibi ya haddace jadawali don jarrabawa, yaron shago ya haddace lambobin da ya ga maigidansa na bugawa, alhali abin da ya ɓace musu guda ne: sanin darajar gida a lissafin da ba na goma ba. An kawo misalai daga cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, da aikin kafa kyamarar tsaro, da sana'ar sayar da wayifai, don nuna wuraren da hadda ke gazawa. Daga nan aka ba da shawarar tsarin koyarwa da ke farawa daga adireshin da ke cikin wayar mai koyo, da bayani cikin harshen da yake tunani da shi.

1.0 Gabatarwa



Samaru da Sabon Gari ƙaramar hukuma ɗaya suke, bas guda ke haɗa su ta Kwangila, amma kowanne da abin da aka san shi da shi. Samaru garin karatu ne. An fara binciken aikin gona a wurin tun 1922, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma cibiyar kwamfuta ta jami'ar tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Sabon Gari kuwa garin ciniki ne da sana'ar hannu tun zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20. A yau daga PZ zuwa kewayen kasuwa, shaguna ne jere na waya da kwamfuta da rauta da kyamarorin tsaro, kuma daga nan ake ɗaukar masu ja wa makarantu da asibitoci da otal-otal wayar netwok.

Bayanan wannan takarda sun fito ne daga aikin koyarwa, da kuma zagayen duba ɗalibai a wuraren da suke koyon sanin makamar aiki. Masu koyon daga makarantu da cibiyoyi daban-daban suke, don haka maganar ba ta nufin wata makaranta guda. Abin da ya ja hankalina shi ne, idan ka ajiye ɗalibin da ya ci jarrabawar netwok kusa da yaron shagon da ya shekara biyar yana kafa rauta, ka ba su adireshin da ya ɗan kauce wa wanda suka saba gani, sau da yawa wuri ɗaya suke tsayawa. Na farko zai ce ba ya cikin jadawalin da ya karanta, na biyu zai ce Oga bai taɓa bugawa haka ba.

2.0 Abin da na'ura ke gani

Adireshin da muka saba gani, irin 192.168.1.1, na tsarin IPv4 ne, wanda aka fayyace a takardar RFC 791 ta 1981 a ƙarƙashin kulawar Jon Postel, aka kuma mayar da netwok ɗin ARPANET na Amurka kansa ranar 1 ga Janairu, 1983. Na'ura ba ta san 192 ba, ba ta san ɗigo ba. Abin da ke cikinta gidaje 32 ne a jere, kowane gida ko 0 ko 1, kuma kowane gida shi ake kira bit. An yanka su rukuni huɗu, takwas-takwas, aka rubuta kowane rukuni da lissafin goma domin sauƙin idon mutum da bakinsa.

A lissafin da muka tashi da shi, kowane gida ya ninka na damansa sau goma: ɗaya, goma, ɗari, dubu. A binari ninkin sau biyu ne. Saboda haka gidaje takwas na rukuni guda, daga hagu zuwa dama, darajarsu ita ce 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. Inda aka sa 1 a ɗauki darajar gidan, inda aka sa 0 a bar ta. Lambar 192 ita ce 128 da 64, wato 11000000. Lambar 168 ita ce 128 da 32 da 8, wato 10101000. Idan aka cika gidajen takwas da 1 aka tara, 255 za a samu, shi ya sa ba a taɓa ganin 256 ko 300 a cikin adireshi.

Wannan lissafi ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Leibniz ya wallafa bayaninsa a 1703, sannan a 1937 Claude Shannon ya nuna yadda za a gina shi da makunnan lantarki masu kunnawa da kashewa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne aikinsa a adireshi.

Kowane adireshi kashi biyu ne: ɓangaren hagu na netwok, ɓangaren dama na na'urar da ke cikin netwok ɗin. Abin da ke nuna inda iyakar take shi ne abin da masu sana'a ke kira sabnet mas. Shi ma gidaje 32 ne, 1 a jere daga hagu har zuwa iyakar, daga nan 0 har ƙarshe. Tunda dole 1 ɗin su kasance a jere ba tsallake, lambobi tara kacal ke iya fitowa a cikinsa: 0, 128, 192, 224, 240, 248, 252, 254, 255. Wanda ya san darajar gidaje takwas ɗin nan zai fitar da su da kansa ta hanyar tarawa daga hagu. Idan kuma aka rubuta /24, wadda ake kira silash 24, ana nufin gidaje 24 na farko na netwok ne, saura takwas na na'urori. Wannan salon rubutu ya zo ne da tsarin CIDR a 1993, wanda ya maye gurbin tsohon rabon nan na aji A da B da C. Abin takaici, har yanzu ana samun littattafan kwas da ke ɓata makonni a kan azuzuwan nan uku kamar su ne ke aiki, sai a bar silash zuwa ƙarshen zango, lokacin da jarrabawa ta ƙarato.

3.0 Hadda iri biyu

Ɗalibi ba baƙon binari ba ne. Ya gamu da shi tun ƙaramar sakandare, ya sake gamuwa da shi a babbar sakandare, kuma WAEC da NECO suna tambaya a kansa. To amma yadda aka koya masa shi ne: raba da biyu, ajiye ragowa, sake rabawa, karanta ragowar daga ƙasa zuwa sama. Hanyar daidai take, amsa na fitowa. Sai dai ba ta nuna wa yaro dalilin da ya sa amsar ta fito, kuma ba wanda ya gaya masa inda za ta yi masa amfani. Da an tashi daga jarrabawa sai ya ajiye ta. Shekara uku ko huɗu bayan haka, a ajin netwok, sai a miƙa masa jadawali: /25 na'urori 126, /26 na'urori 62, /27 na'urori 30, haka har /30. Ya haddace, ya ci jarrabawa, ba tare da ya taɓa haɗa jadawalin da darasin sakandare ba.

Yaron shago ta wata ƙofar ya shigo. Shi ya fara da hannu: fere waya, jera launuka takwas na cikinta, matse kai, gwadawa. A wannan fanni ya fi ɗalibi nesa, kuma ya kamata a faɗi haka. Da aka zo saita rauta sai ya ga Oga na buga 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, da 255.255.255.0, da 8.8.8.8. Ya riƙe su. Tun da kusan kowane gida da ƙaramin ofis da wannan saiti yake tafiya, kuma rautar ita ke raba wa na'urori adireshi da kanta, yana iya shekaru bai gamu da cikas ba.

Ba na raina hadda. Mu mutane ne da muka san darajarta, kuma mai aikin netwok na gaske ma yana riƙe da lambobi da yawa a kansa. Damuwata ita ce haddar da ba ta da fahimta a ƙarƙashinta, domin ranar da aiki ya girma, ita ce ke fara watsewa.

4.0 Inda hadda ke gazawa

4.1 Cibiyar jarrabawa

Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma cibiyoyin da ake yin ta suna zaunar da ɗalibai 250 a lokaci guda, ban da kwamfutocin ko-ta-kwana da babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi. Makarantu masu zaman kansu ma sun shiga gina irin waɗannan ɗakuna. Ga mai aikin netwok a Zariya, wannan yana cikin manyan kwangilolin da zai iya samu.

Saitin da kowa ya haddace, 255.255.255.0, gidaje takwas ya bar wa na'urori. Gidaje takwas suna ba da lambobi 256, daga 0 zuwa 255. Na farko sunan netwok ɗin ne, na ƙarshe adireshin shela ne da ake kiran dukkan na'urori da shi, saura 254. A ɗakin da ke da kwamfutoci 275, wajen ashirin za su rasa adireshi. Waya lafiya, suwic lafiya, fitilu na ƙyaftawa, amma layin baya ba ya ganin babbar kwamfuta. Idan aka duba irin waɗannan kwamfutoci za a tarar sun ba kansu adireshi mai farawa da 169.254, wanda alama ce ta cewa sun nemi rabo ba su samu ba. Wanda bai san haka ba zai kama yanke kawunan waya yana sakewa har dare.

Maganin shi ne a matsar da iyaka gida ɗaya zuwa hagu, daga /24 zuwa /23, mas ɗin ya zama 255.255.254.0. Gidajen na'urori sun zama tara, lambobi 512, masu amfani 510. Har nan jadawali na iya kai mutum. Inda ba zai kai shi ba shi ne tambaya ta gaba: daga ina netwok ɗin zai fara? Mai hadda zai ce, tunda na saba da 192.168.1, bari in ƙara da 192.168.2. Ba za su haɗu ba. A rukuni na uku, 1 ita ce 00000001, 2 kuma 00000010, mas ɗin kuwa 11111110, wato gidaje bakwai na farko na netwok ne. A gidaje bakwai ɗin nan 1 da 2 sun saɓa, don haka netwok biyu ne daban. Waɗanda ke haɗuwa su ne 0 da 1, ko 2 da 3, ko 4 da 5. Haka nan a cikin 192.168.0.0/23, adireshin 192.168.0.255 na na'ura ne kamar kowane, ko da yake mai hadda ya riƙe cewa duk abin da ya ƙare da 255 na shela ne. Ban san wata hanyar ganin wannan ba sai an rubuta sifili da ɗaya a takarda.

4.2 Ƙaramin ofis da aka raba

A ɗauki ofishin da aka raba netwok ɗinsa kashi huɗu da /26, don kada kwamfutocin baƙi su riƙa ganin na ma'aji. Kwamfuta tana 192.168.10.77, firinta tana 192.168.10.130, ta ƙi bugawa. Ga ido, rukunai uku na farko iri ɗaya ne, don haka sai a zargi firintar. To 77 ita ce 01001101, 130 kuma 10000010, mas ɗin rukunin ƙarshe 11000000. Gidaje biyu na farko su ne hukunci: ɗaya 01, ɗaya 10. Kwamfutar tana netwok ɗin da ya fara daga 64 ya ƙare a 127, firintar tana wanda ya fara daga 128. Sai ta rauta za su gaisa.

4.3 Kyamarar tsaro

Wannan matsala ta fi kowace yawa a Sabon Gari. Mai gida ya sa an kafa masa kyamarori yana son ya riƙa kallon gidansa daga Abuja ko Legas. An buɗe ƙofa a rauta kamar yadda aka saba, abu ya ƙi. Idan aka duba adireshin da kamfanin sadarwa ya ba rautar, sau da yawa za a ga yana farawa da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127. Na farko yana cikin adiresoshin cikin gida da RFC 1918 ta ware a 1996, na biyu kuma zangon 100.64.0.0/10 ne da aka ware a 2012 don kamfanoni su riƙa haɗa kwastomomi da yawa a bayan adireshin waje guda. Duka biyun ba a iya kiran su kai tsaye daga intanet, don haka sai an bi ta manhajar kamfanin kyamara ko wata dabara. Me ya sa zangon ya tsaya a 127? Saboda /10 ta ci gidaje biyu a rukuni na biyu, 64 ita ce 01000000, 127 kuma 01111111. Irin wannan dalili ne ya sa zangon 172.16.0.0/12 ya ƙare a 172.31. Mai gane wannan zai gaya wa kwastoma gaskiya cikin minti biyu, maimakon a yi ta sintiri ana ƙona mai, daga ƙarshe a rabu dutse a hannun riga.

5.0 Heksa, da dalilin da ya sa ba makawa

Dalilin wannan cunkoso a bayan adireshi guda shi ne IPv4 ya ƙare. Gidaje 32 suna ba da adireshi 4,294,967,296, mutanen duniya kuwa sun haura biliyan 8 tun 2022, kuma da yawansu na'ura fiye da ɗaya ke hannunsu. Hukumar IANA ta raba rukunan ƙarshe da ke rumbunta ranar 3 ga Fabrairu, 2011. AFRINIC, mai raba wa Afirka adireshi daga Morishus tun 2005, ta shiga matakin tsimi a 2017, ta ƙara tsuke shi a 2020. Magajin tsarin, IPv6, an fara fayyace shi a 1995, kuma manyan kamfanonin intanet sun kunna shi dindindin ranar 6 ga Yuni, 2012. Gidajensa 128 ne, yawan adiresoshinsa lamba ce mai alƙaluma 39.

Ba mai iya rubuta sifili da ɗaya 128 a takarda bai ɓata ba. A nan heksa ke shigowa. Gidaje huɗu na binari suna ba da siffofi 16, daga 0000 zuwa 1111. Sai aka ba kowace siffa alama guda: 0 zuwa 9, sannan A, B, C, D, E, F a madadin 10 zuwa 15. Iyakar heksa ke nan, taƙaita rubutun binari ne huɗu-huɗu. Lambar 77 da muka gani, 01001101, a yanka ta biyu: 0100 ita ce 4, 1101 ita ce 13, wato D, ta zama 4D. Haka 192 ta zama C0, 168 ta zama A8, 255 ta zama FF. Ina ganin babban kuskuren koyarwa shi ne a gabatar da heksa a matsayin sabon babi mai rabawa da 16 da ajiye ragowa. Ta wannan hanya ɗalibi na ganin darussa biyu masu wuya, alhali darasi ɗaya ne.

Adireshin IPv6 rukuni takwas ne na alamomin heksa huɗu-huɗu, da ruwa biyu a tsakani, kuma ana taƙaita jerin sifili. Misali, 2001:0db8:0000:0000:0000:0000:0000:0001 yana komawa 2001:db8::1. A al'ada ana ba kowane netwok /64, ita kuma cibiya irin jami'a ko asibiti a ba ta /48, wanda ke nufin tana da gidaje 16 na rabawa, wato netwok 65,536. Wanda zai raba su da heksa zai ƙirga. Bayan 9 sai a, ba 10 ba. Bayan f ne 10 ke zuwa, kuma darajarta goma sha shida. Bayan 19 sai 1a. Ɗalibin da ya ƙirga 8, 9, 10, 11 ya tsallake netwok shida bai sani ba, kuma idan aka zo haɗa su a dunƙule a rauta sai lissafi ya ƙi fita. Wanda kuwa ya san kowace alama gidaje huɗu ce, zai ga /52 da /56 da /60 suna faɗawa daidai kan iyakar alama, har ya tarar rabon IPv6 ya fi na IPv4 sauƙi.

Kada a ɗauka wannan maganar gobe ce. Kamfanin intanet na Starlink ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, yana kuma ba da IPv6, kuma wayoyin da ke aljihunmu duk sun iya shi. Duk wanda ya buɗe saitin wayifai a wayarsa zai iya ganin adireshi mai farawa da fe80, wanda na'ura ke ba kanta don magana da maƙwabtanta.

Akwai kuma wurin da heksa ta daɗe tana aiki a gabanmu: adireshin MAC, mai gidaje 48, alamomi 12, wanda rabinsa na farko hukumar IEEE ke ba kamfanin da ya ƙera na'ura. Masu sayar da wayifai a unguwannin ɗalibai na Samaru sukan ɗaure tikitin kwastoma da wannan adireshi. Daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi sun koma amfani da adireshin MAC na aro don kare sirrin mai waya, har ta kai kwastoma ya biya kuɗi rauta ta ƙi gane shi. Ana gane adireshin aro da kallo guda: alamarsa ta biyu 2 ce, ko 6, ko A, ko E. A binari su ne 0010, 0110, 1010, 1110, duka suna ƙarewa da 10, kuma 1 ɗin nan ita ce shaidar cewa ba kamfani ne ya ba da adireshin ba. Gida guda na binari ne ke raba rigimar mai shago da kwastomansa.

6.0 Hanyar koyarwa

Akwai masu cewa lissafin da ba na goma ba yana yi wa yaranmu nauyi ne don baƙo ne a wurinmu. Tarihin kasuwar Sabon Gari kansa ya ƙaryata wannan. Kafin naira ta fito ranar 1 ga Janairu, 1973, kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. Mai tebur da bai taɓa shiga aji ba, idan aka ce sule 7 da kwabo 9 a haɗa da sule 4 da kwabo 8, nan take zai ce sule 12 da kwabo 5. Ya tara kwabo ya samu 17, ya cire 12 ya mayar da su sule guda ya kai gida na gaba. Ya san gida na cika ne a inda aka yarda ya cika, wani a 12, wani a 20. Wannan fahimta ita ce dukkan abin da binari da heksa ke buƙata: a ɗaya gida na cika a 2, a ɗaya a 16. A ajin da na fara da wannan misali, tambayar me ya sa ɗaya da ɗaya suka zama 10 ba ta daɗewa.

Bayan wannan, ga tsarin da nake ganin ya fi dacewa. A fara daga adireshin gaske. Kowane mai koyo ya buɗe wayarsa ya kwafo adireshinta da mas ɗinta, shi ne allonsa na wannan rana. A rubuta 128 zuwa 1 a saman takarda, a riƙa mayar da lamba ta hanyar tambaya: 128 za ta fita a cikinta? In ta fita a sa 1 a cire, in ba ta fita ba a sa 0 a wuce. Wannan hanya ta fi rabawa da biyu amfani a aikin netwok, domin daga hagu take farawa, inda ɓangaren netwok yake. Kada a ba da jadawali, ɗalibi ya gina nasa. Kada a taɓa manhajar lissafin sabnet sai hannu ya faɗa, bayan nan a yi amfani da ita don tabbatar da amsa, kamar yadda ƙwararru ke yi. Da zarar gidaje takwas sun zauna, a yanka su huɗu-huɗu a shigo da heksa a makon nan, a kuma kawo IPv6 tare da IPv4 maimakon a bar shi babin ƙarshe da ba a cika kaiwa ba. Sannan kowane lissafi a gwada shi a kan na'ura: kwamfutoci biyu da waya guda sun isa mutum ya ga 77 ta kasa kiran 130, ya canza mas ya ga ta amsa. Gani ya kori ji.

Sai batun harshe. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da koyarwa da harshen uwa a farkon firamare, kuma gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koya wa lissafi da kimiyya da Yarbanci ba su gaza takwarorinsu ba. Ba ina kira a fassara umarnin rauta ba ne. Allon na'ura da Ingilishi zai ci gaba da magana, jarrabawar Cisco da ta Huawei ma haka, kuma dole ɗalibi ya san kalmomin kamar yadda suke. Abin da nake cewa shi ne dalilin abu, wato me ya sa aka cire biyu, me ya sa iyaka ta faɗa nan, a bayyana shi da harshen da mai koyo ke ƙirga kuɗinsa da shi. A Sabon Gari, inda maigida kan kasance Ibo ko Bayarabe yaro kuma Bahaushe, ko akasin haka, Hausa ce harshen shago. Malamai da yawa a Samaru suna yin wannan bayani da Hausa a bayan aji idan ɗalibi ya biyo su ofis, kuma sun san nan ne ake ganewa. Abin da ya rage shi ne a rubuta shi.

7.0 Kira

Ga malaman lissafi na sakandare: ranar da za ku koyar da tushe biyu, ku sa yara su ga adireshin waya ko na kwamfutar makaranta, ku ce musu ga inda yake aiki.

Ga sassan kwamfuta da injiniya a manyan makarantun Zariya, kuma Allah ya hore wa garin nan su: a sanya rabon adireshi da hannu cikin gwajin aiki, ba a takardar zaɓi kawai ba, a kuma ba IPv6 rabonsa tun farkon zango. Ɗaliban da ake turawa sanin makamar aiki a shagunan Sabon Gari su tafi da niyyar musaya, su koyi matse waya da hawa silin, su koya wa yaran shago gidaje takwas ɗin nan.

Ga masana Hausa da masana kwamfuta: mu zauna tare mu fitar da ɗan littafi, shafi talatin ko arba'in, mai misalai da aikin gwaji, wanda yaron shago zai iya saye da kuɗin abincinsa na rana guda, a kuma ɗora bayaninsa a bidiyo don masu waya.

Ga iyayen gida masu shaguna: ku ba yaranku awa biyu a mako, yamma guda, su zauna da takarda da biro. Mu a Samaru mu ɗauki alli mu sauko Sabon Gari mu same su, kada mu jira su hau bas su zo neman mu.